Sana'a Kan Riga Mai Ita Mutuwa

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisun samari, har iyaye ma sun fara ɗauka: wai karatun boko ya tashi aiki. Hujjar ba ta wuce biyu. Ga mai digiri can yana jan Adaidaita Sahu, ga kuma Alhaji wane da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, amma masu digiri ne ke rusuna masa a ofishinsa. Daga nan sai a yanke hukunci: yaro ya bar aji, ya kama shago ko gareji, ya fara tara nasa tun da wuri.

Ba zan ce masu wannan magana ba su da abin kamawa ba. A 2022 malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur ɗalibai na zaune a gida, bayan wanda aka sha a 2020. Karatun shekara huɗu ya koma na biyar ko shida. In an gama a yi bautar ƙasa a dawo ɗakin da aka bari, aikin gwamnati kuwa sai mai uwa a gindin murhu, ko mai kuɗin sayen gurbi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, amma uban da ke da 'ya'ya takwas ya san kuɗin yunifom da littafi da na jarrabawa daga aljihunsa suke fita. In ya ga ɗan maƙwabci yana shigowa da dubu biyu kullum daga kasuwa, nasa kuma yana karɓar ɗari biyu na tara, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda na rabu da su shi ne lissafin nan na bana ne kawai. Yaro ɗan shekara 14 da ya ajiye jaka yau, in Allah ya ba shi rai, zai nemi abinci shekara 40 ko 50 nan gaba. Abin tambaya shi ne ko sana'ar da ya bar makaranta dominta za ta raka shi har can. Abin da muka gani da idonmu a shekarun nan ya nuna da wuya.

A tambayi mutanen Kakuri a Kaduna. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, masaƙun UNTL da Arewa da sauransu suka biyo baya, har unguwar ta zama ba ta barci, waɗannan na tashi daga aiki waɗancan na shiga. A lokacin wanda ya samu aikin masaƙa ya gama kama ƙasa, in ya je neman aure ba a ja masa rai. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri daga Sin su suka kashe su, ma'aikata ba su da laifin komai, kuma da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Amma da ƙofa ta rufe, ba daidai aka faɗo ba. Mai gyaran lantarki da akawu da mai takardar gwajin sana'a sun fi samun inda za su raɓa. Wanda kuwa ya yi shekara 20 a gaban inji guda, bai san komai ba sai shi, gadi ya koma ko acaɓa.

Ita ma acaɓar ba ta daɗe ba. An kore ta daga tsakiyar Abuja a 2006. A Kano an hana ta a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A Legas, inda samarinmu suka yi yawa a kanta, an hana ta a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, aka riƙa kwashe babura ana niƙewa. Da sanarwa ɗaya a rediyo aka tashi sana'ar dubban mutane, ciki har da waɗanda suka bar aji biyu na sakandare saboda babur yana kawo kuɗi a take. Masu hali suka koma Adaidaita, sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Yanzu ɗan sahu zai wuni a titi, ya sayi mai, ya cire balas ɗin mai mashin, ya biya kuɗin tikiti, abin da ya rage a tafin hannu ba ya kai cefane.

Ƙananan sana'o'in da suka shuɗe kuwa ba su ƙirguwa. Bayan zuwan wayar salula a 2001 kowace kwana akwai mai lema da teburi yana sayar da kira minti-minti. Ina suke? Ina masu tafireta a bakin kotu da gidan waya, da masu wankin hoto, da shagunan hayar kaset? Mai POS na yau zai yi kyau ya tuna da mai lemar jiya, domin kusan a wuri ɗaya suke kafa teburi.

To me makaranta ke ba mutum da zai tsira da shi in haka ta faru? Ni a ganina kwalin shi ne ƙarami a ciki. Babban abin shi ne mutum ya iya karanta abin da bai taɓa gani ba ya gane shi, ya iya lissafi a takarda, ya iya rubuta abin da wani zai karanta ya fahimta. Mai waɗannan uku in sana'arsa ta mutu zai koyi wata cikin watanni. Wanda ba shi da su sai ya sake komawa yaron wani yana da furfura.

A leƙa garejin makanikai a ga abin da nake nufi. An kawo mota tana misin, wata fitila mai siffar inji ta kama a gaban direba. Oga ya shekara 30 yana gyara, a zamanin kafireto kunne kawai zai kara ya murɗa wani ɗan noti mota ta daidaita. Yanzu ya canza fulogi, ya wanke nozul, har ya sa mai mota ya je Ƙofar Ruwa ya sayo famfon mai, fitila dai tana nan. Daga ƙarshe aka kira wani yaro daga rumfar gaba, wanda ya gama sakandare kafin ya shigo gareji. Ya zo da 'yar na'ura da ba ta fi waya girma ba, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ta rubuto P0302. Ya duba wayarsa ya karanta.

"Oga, silinda ta biyu ce ba ta ƙona mai. Ina zaton kwayil ne."

"Kai yaro, ka tabbata? Kada ka sa mu sake jawo wa bawan Allah asara."

"Bari mu musanya shi da na ta uku mu gani, Oga."

Aka musanya, aka tada mota, na'ura ta rubuto P0303. Ciwon ya bi kwayil ya koma silinda ta uku, magana ta ƙare. Cikin minti goma yaro ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ba wai ya fi Oga sanin inji ba ne, ko kusa. In aka ce a sauke injin a ɗaure shi, Oga ne zai yi, yaron sai dai ya miƙo sifana. Bambancin kawai shi ne motocin yanzu suna faɗin ciwonsu a rubuce, ɗaya ya iya karantawa ɗaya bai iya ba. Ga kuma motoci masu aiki da iskar gas da masu batir suna shigowa. Wanda zai ci kasuwar gobe shi ne mai hannun Oga da idon yaron a haɗe, kuma hakan ba ya samuwa ga wanda aka cire daga aji huɗu na firamare aka kai gareji.

Haka abin yake a harkar sola, wadda yanzu kowane saurayi ke cewa ya iya. A ce gida na da fanka uku, kowace tana jan wat 75, ana so su kwana suna juyawa awa takwas. Uku sau 75 sau takwas, 1,800 ke nan. Babban batirin nan mai bolt 12 da amfiya 200 abin da yake ɗauka 12 sau 200 ne, wato 2,400, kuma irin na ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, wato 1,200. Ashe batir ɗaya ko fankokin bai riƙe ba. Wanda bai iya wannan lissafi ba zai ɗaura batir ɗaya, ya ce wa maigida har firiza zai ja, bayan wata shida batir ya mutu, maigida ya shiga gari yana cewa sola yaudara ce. Ninkawa ce ta firamare da ɗan kimiyyar sakandare, amma ita ke raba mai sana'a da mai ɓarna. Ko a aikin gini, me ya sa mai kuɗi in zai sa tayil ko silin na zamani yake cewa a nemo masa 'yan Togo ko 'yan Kwatano? Ƙarfi dai ba su fi samarinmu ba. Awo suka fi mu kiyayewa.

Sai batun Alhaji wane. Da farko, waɗannan dattawa da ake cewa ba su yi boko ba, yawancinsu ba jahilai ba ne. Sun sauke Alƙur'ani, sun yi littattafai, suna rubuta bashi da ajami, lissafin da suke yi da ka sai ka ɗauko na'ura kafin ka cim musu. Marigayi Khalifa Isyaka Rabi'u babban malamin Alƙur'ani ne kafin ya zama attajiri, kuma ɗansa Abdussamad a Amurka ya karanta tattalin arziki. Aliko Ɗangote, wanda ya fito daga gidan kasuwanci irin na Ɗantata, sai da ya je Azhar a Masar ya yi karatu. Ka duba kowane babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa ka tambayi inda 'ya'yansa suke da safe. Shi da ake kafa hujja da shi bai yarda da hujjar a kan nasa ba. Yaron da ke barin makaranta yau kuwa galibi har islamiyyar yake haɗawa ya bari, ya tashi ba wan ba ƙanen.

Na biyu, Alhaji ɗaya ake gani, ba a ƙirga yaran shagon da suka shiga kasuwa rana ɗaya da shi. Nawa ne a cikinsu suka haura shekara 40 suna jiran a sallame su, suna tare masu saye a bakin layi don ɗan abin da za a ɗora a kan yadi? Kasuwar ma ta sauya. Ana odar kaya daga birnin Guwanzu na ƙasar Sin ta waya, ana lissafin dala da kuɗin Sin da kuɗin kwantena da takardun kwastan. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da ciniki ya koma tiransifa, mun ga 'yan kasuwar da aka yi wa alat na bogi aka kwashi kaya, da waɗanda dole suka miƙa wayarsu da lambar sirrinsu ga yaron shago domin ba sa iya karanta saƙon banki. Mutum da dukiyarsa, amma makullin na hannun wani.

Takardar sakandare kuma, duk da raina ta da ake yi, ƙofofi da yawa ba sa buɗuwa sai da ita. Kurtun ɗan sanda ma sai da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma ta intanet ake cike takardar nema. Jarrabawar JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar aiki sai mu yi ta ƙorafin an cike gurbin jiharmu da baƙi, ba ma tambayar yara nawa ne a ƙauyenmu ke da takardar da ake nema. A ɓangaren mata abin ya fi ciwo. Mu ne ke cewa ba ma son namiji ya duba matanmu a ɗakin haihuwa, kuma muna da gaskiyarmu. Amma makarantar koyon jinya da unguwarzoma tana neman kiredit a Turanci da Lissafi da darussan kimiyya uku, mu kuma muna cire yarinya a aji uku na ƙaramar sakandare. Daga ina ma'aikaciyar za ta fito? Aure bai hana karatu ba in an so. Uban da zai iya gindaya wa mai neman 'yarsa sharaɗin akwati nawa, zai iya gindaya masa sharaɗin ta ƙarasa makaranta, kuma ya bibiya bayan biki, don alkawarin da ake yi a zaure ranar gaisuwa saurin mantuwa gare shi.

Yanzu bari in juyo kan 'yan bokon kansu, domin rabin laifin wannan magana nasu ne. Akwai wanda bai bar makaranta ba amma ya bar karatu, kuma irinsa sun fi yawa a ofisoshi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka yi gwajin, har ta tafi yajin aiki, ni ma ina ganin malamin da aka bari shekara da shekaru ba horo ba albashin kirki bai kamata a ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Amma an baza wasu takardun amsar kowa ya gani, kuma abin da ke ciki ba abin da za a kare ba ne. Mutane ne masu takardar shaidar malanta, sun rufe littafi ranar da suka karɓe ta. Irinsu ne babban jami'in da sai ɗan bautar ƙasa ya buɗe masa saƙonsa a kwamfuta, da mai digirin da aka yi wa satar amsa a sakandare, aka rubuta masa kundin kammalawa a jami'a, ya fito ba ya iya tsara wasiƙar neman aiki. A cikin masu digirin da ke jan Adaidaita akwai waɗanda ƙasa ta zalunta, suna da ilimin ba su da hanya. Akwai kuma waɗanda kwalin kawai suka riƙo. Su ne talaka ke kallo ya ce boko ƙarya ne.

Abin mamaki, karatu har tsufa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A kowane tsohon gari akwai zauren da tela da mahauci da attajiri ke zama bayan Asuba ko tsakanin Magariba da Isha, kowa da littafinsa, wani yana Ahalari wani ya kai Risala. Mai furfura zai durƙusa gaban malamin da ya haifa ya ɗauki darasi, ba ya jin kunya, ba kuma wanda ke tambayarsa yaushe zai gama. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, jajis, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da matan aure da tsofaffi a gidajensu. Mun san wannan tarbiyya sarai. Boko da sana'a ne kawai muka ware muka mai da su abin da ake yi sau ɗaya a rataye a bango. Likita da ma'aikaciyar jinya dole ake yi musu, sai sun nuna shaidar ƙarin horo kafin a sabunta musu lasisi. Sauranmu ba mai tilasta mana, sai ranar da aka kawo sabuwar na'ura ofis ko aka ce za a rage ma'aikata.

Za a ce makarantun gwamnatin ma me ake koyarwa a ciki, yara sama da ɗari a aji ɗaya a zaune a ƙasa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na cewa a miƙa yaro ga makaranta a naɗe hannu. Ban kuma ce a hana shi sana'a ba. Abin da iyayenmu suka yi a birane shi ne daidai: makaranta da safe, shago ko gareji bayan Azahar, islamiyya da yamma ko da dare. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin da muke taƙama da su haka suka tashi, sun iya ɗinki ko awon hatsi kafin su shiga jami'a. Uba ya riƙa sa yaro ya karanta masa wani abu da dare, ko takardar magani ce, zai gane ko ana koyo ko zaman banza ake. In ya ga ba a koyo, makarantar zai je ya tayar da magana, shi da sauran iyaye.

Wanda ya riga ya bari kuma hanya ba ta toshe ba. Tun shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci a Arewa, kuma a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, wadda har yau tana nan, sauran jihohi ma suna da irinta. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, NABTEB na ba masu sana'ar hannu takarda, ma'aikatar ƙwadago na yin gwajin sana'a. Ma'aikaci na iya shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a, wato NOUN, bai bar aikinsa ba. Wayar da ke aljihu kuma, datar da ake ƙonawa a TikTok cikin mako ta isa a kalli darussan gyaran inbata ko na ɗinki a YouTube, sai dai shi ma wannan ya fi amfanar wanda ya iya karatu.

Waɗanda na fi so su ji wannan magana su ne iyayen gida, masu shaguna da gareji da rumfunan walda, domin yaran a hannunsu suke wuni. Na san abin da wasu ke tsoro: in yaro ya yi karatu zai raina ni, ko ya gudu. Amma yaron da ba ya iya rubuta ciniki shi ne ke jawo ɓatan lissafi da zargi a shago, kuma ko ba karatu masu guduwa suna guduwa. A sake shi zuwa ƙarfe biyu, ko a ba shi awa biyu da yamma. Azuzuwan firamare da yawa a unguwanninmu a kulle suke daga La'asar har wayewar gari. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta makanikai da ke iya tara kuɗin gyaran masallaci da na gudummawar biki ba za ta gaza biyan malamai biyu da sayen fitilar sola ba, a nemi izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a fara da karatu da lissafi kwana uku a mako.